Yadda Aka Wanke Gitar Ila

In ka bi ta Doka da hantsi, layin masu gyaran rediyo, za ka ga wani dogon mutum siriri zaune a ƙofar shago da sifika a kan cinya, yana shafa mata gam da tsinken tsintsiya. Ila ke nan. An san shi da gyaran lasifikar masallaci da amfilifayar masu biki, kuma aikinsa ba ya dawowa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunansa na jikin wani faifan waƙa da ya yi tashe a Kaduna 'yan shekarun baya. In wani ya wuce da faifan a waya, Ila ajiye aiki yake ya ɗauki buta ya zagaya baya, ko da babu abin da ya matse shi.

A Unguwar Dosa aka haife shi, gidan masu ƙera akwatin ƙarfe da murhun gawayi, saboda haka da ƙarar guduma ya buɗe ido. Da ya gama sakandare mahaifinsa ya kama hannunsa ya danƙa wa amininsa Baba Sanda, wani tsohon mai gyaran rediyo da daga baya ya yanki bayan shagonsa ya manna katifa a bango ya mai da shi situdiyo. Baba Sanda ya riƙe Ila riƙon ɗa. Kwano ɗaya suke ci. Shi ya koya masa riƙe ƙarfen soda na liƙa waya, shi ya ba shi kayan aiki ranar da ya yaye shi, da mahaifinsa ya rasu kuma shi ya shige gaba aka nema masa auren Asma'u. Mutumin da ya yi maka wannan, ko ƙafarka ya taka, kai ne za ka ce masa sannu.

Kiɗan Turawan nan na rok ta hanyar gyara ya shigo masa. Wani ya kawo rediyon mota ya manta memori a ciki, Ila ya kunna don gwaji, sai ya ji gita tana gurnani tana yage iska. Ya ɗauka sifikar ce ta fashe. Ya canza wata, gurnanin na nan. Ya sake canzawa, yana nan. Sai a lokacin ya gane da gangan wani ɗan Adam ya yi wannan ƙarar, tsigar jikinsa ta tashi. Ranar ko abincin rana bai nema ba.

Ya sayi tsohuwar gita a hannun wani makaɗin coci a hayin kogi. Na'urar da Turawa ke takawa da ƙafa ta ba su wannan ƙarar ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ya koma kan abin da ya iya. Ya tara sifikun da masu su suka yar, yana tsaga takardarsu da reza, yana sauya wayoyin cikin amfilifaya, yana ƙona wasu, yana ƙone yatsunsa. Shekaru ya kwashe a haka. Daga ƙarshe ya samu abin da yake nema: wata murya mai kauri, mai yashi-yashi, da in ya daki gitar sai ka ji ta a ƙirji kafin ta kai kunne. In an tambaye shi wace irin ƙara ce wannan, cewa yake Kaduna ce: tifa tana hawa gadar Kawo, janaretan maƙwabta, ruwan Agusta a kan kwano. Duk duniya ba shi da abin da zai nuna ya ce shi ya yi shi da kansa sai wannan ƙarar, kuma burinsa ɗaya ne, mutane su ji ta.

Ya samu abokan tafiya biyu. Salim ɗan wani darakta ne a ma'aikatar gwamnati, mai murya da iya saka kaya, irin mutanen da ko daga barci suka tashi kamar za su ɗaurin aure. Nasiru kuwa direban keke-nafef ne ɗan Rigachikun, mai dukan ganguna kamar sun ci masa amana. Suka sa wa kansu suna Tsatsa. Da mai unguwa ya aiko cewa tsofaffi sun kasa ƙailula, sai suka koma atisaye a wani kangon kawun Nasiru a Rigachikun, tsakiyar gonakin masara, inda ba wanda zai kai ƙara sai awaki. Waƙoƙinsu ba na masoyiya ba ne, ba kuma na wasa mai kuɗi ba. Akwai ta layin mai, akwai ta kwatar da ta toshe, akwai ta mai digiri da ke yawo da ambulan ɗin takardun neman aiki. Suka yanke shawarar faifan farko zai ci sunan Kwanon Rufi.

A nan ne abin ya fara lalacewa. Ila ya so su tafi wani situdiyo da ya ji an ce sun san irin kiɗan, amma magana ba ta ɓuya a layin masu gyara. Baba Sanda ya aika aka kira shi.

"Ilu, ina raye za ka kai aikinka gidan wani? Me kake so mutane su ce da ni?"

"A'a Baba, gani na yi aiki ya yi maka yawa."

"Aikin wa ya fi naka? Ku zo ran Asabar. Kuma kada wanda ya sa hannu a aljihu, in ba so kuke mu ɓata ba."

Suka zo. Baba Sanda mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da ƙara. Lasifikar da ke shaƙewa, makirfon mai tsuwa, rediyo mai shuu, duk abokan gābarsa ne, kuma da korarsu ya ciyar da iyali. Waƙoƙin da ake yi a situdiyonsa na amare ne da na 'yan siyasa, fiyano ce ke yin komai, murya kuma a bi ta da na'ura har ta yi santsi. Da Ila ya daki gitarsa, tsohon ya zabura ya kai hannu kan maɓalli, sannan ya dubi yaronsa da wani irin tausayi ya janye hannun. Har aka gama ɗauka bai ce uffan ba. Ila, Allah sarki, ya ɗauka shirun nan mamaki ne.

"Ku je ku bar mini sauran," in ji Baba Sanda. "In na gama haɗawa zan neme ku."

To, a wannan sana'a yaro ba ya tsayawa a kan maigidansa yana leƙen abin da yake yi. Ila yakan biya ya gaishe shi, su yi hirar wuta da tsadar kayan gyara, maganar faifan tana bakinsa, sai ya haɗiye ta ya ce a tashi lafiya. Makonni suka shige a haka.

Wata safiya ya shiga kasuwa sayen waya, ya bi ta rumfunan masu tura waƙa a memori, sai ya ji wani abu da ya tsayar da shi cak. Baitin nasu ne, na kwatar da ta toshe. Muryar ma ta Salim ce, amma an matse ta an tace ta har ta koma kamar ta sauro. Gangunan Nasiru babu su, sai kalangun fiyano yana tsalle. A inda gitarsa ya kamata ta shigo ta tsaga waƙar gida biyu, sai ga wani tilin-tilin mai zaƙi, irin wanda ake rako amarya da shi. Can tsakiya kuma wata murya ta ratso da amsa-kuwwa tana faɗin sunan situdiyon Baba Sanda. Ila ya tofar da yawu a gefen kwata. Mai rumfar yana ta rausaya kai, ya ce masa sabuwa ce, tun jiya ake rububinta.

Ya tarar da Baba Sanda yana shan shayi, fuskar nan fal annuri.

"Ilu! Dama ba-zata na so in yi muku. Kai, ka ba ni wahala, yaron nan. Na wanke gitar nan, na wanke, dattin ya ƙi fita. Sai na ce ba za a yi haka da ni ba. Na zauna na saurari abin da kake son kaɗawa, na bi shi ɗaya bayan ɗaya na kaɗa maka a fiyano. Ko kai ba za ka bambance ba."

Ila ya matso kusa da shi. Ya ce, "Baba, wancan ɗin da muka ɗauka fa?"

"Na goge shi mana. Ai sirrinmu ne ni da kai. So kake wani ya tsince shi a kwamfuta, a ce yaron da Sanda ya koya wa gyara sifikarsa ce ke kuka? Na rufa maka asiri. Na kuma ba yaran kasuwa, na aika wa mutanena na gidan rediyo. Kai dai ka kawo mini amfilifayar nan taka in duba ta."

Ya yi maganar idonsa jajur saboda kwanakin da ya yi a gaban kwamfuta, da tabarau ɗaure da zare. Abin da ya fi ƙona ran Ila ke nan: babu mugunta ko ɗigo a ciki. Da mugunta ce da ya san inda zai kama. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ya fito yana ƙyamar bakinsa.

Daga nan masana suka shigo, kuma wallahi gara ma Baba Sanda, shi ko ba komai ya saurara.

Na farko Kabiru ne, mai shirin kiɗa na ranar Asabar a wani gidan rediyo, mutumin da bai taɓa jin waƙar da ba ta girgiza shi ba. Ya ce yau ga kiɗan Turawa an kawo shi gida an yi masa tarbiyya. Ya ce a saurari tsabtar gitar nan, wannan ba yatsun mutum ba ne, yatsun zinare ne. Sunan ya bi Ila, har yaran layi suna kiransa da shi. Sai wani marubuci daga Legas ya yi dogon sharhi da Turanci, Salim ya fassara musu yana washe baki. Wai a cikin gitar Ila ya jiyo hamada, ya jiyo tafiyar raƙuma, ya jiyo kewar ayarin fatake na dauri. Ila da bai taɓa wuce Zariya ba, raƙumi kuwa a mayanka kawai ya san shi. Wani malamin kwaleji kuma ya rubuta a jarida cewa matasan sun farfaɗo da ruhin garaya, ya kawo sunayen littattafai har kai ya yi ciwo. Kowa ya zo da abin da yake son ji a aljihunsa, ya zazzage shi a kan faifan, ya tafa wa kansa. Ba wanda ya lura waƙar da suke cewa tana sanyaya zuciya a kan kwata take magana.

Ko a gida bai tsira ba. Ya shigo ya tarar da Asma'u tana yanka kuɓewa tana bin tilin-tilin ɗin da hanci. Ta ce, "Ka ga, Baban Rabi, wannan karon ka yi abin da mutum zai iya ji. Dama ka iya haka kake ta da mana hankali?" Ya ce mata kansa ke ciwo.

Mutum ɗaya ce ta kushe faifan, wata Atika da ke rubuta sharhin waƙoƙi a shafinta. Ta ce wannan kiɗan biki ne aka sa masa baƙar riga. Ta ce duk mai kunne ya san babu gita a ciki, fiyano ce, kuma wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai gita ko dai bai iya ba ko kuma maƙaryaci ne. Jama'a suka yi mata caa, masu cewa hassada ce, masu cewa a nemo mata miji. Ila kuwa ya karanta ya sake karantawa har ya kusa haddacewa. Zagi ne, amma shi ne kawai maganar gaskiya da aka yi a kansa. Ya sha ɗaukar waya zai amsa mata, ya ce ta zo Rigachikun ta ji da kunnenta. Sai ya tuna duk yadda ya juya maganar, ƙarshenta a kan Baba Sanda za ta faɗa, a gaban duk garin. Ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da zama maƙaryaci.

Ya samu Salim ya ce su sake ɗauka, a wani wurin, a ɓoye in ta kama.

"Mutumina, ka kwantar da hankalinka," in ji Salim, yana gyara sabon tabarau. "Shekara nawa muna yi wa awaki kiɗa? Yanzu mutane sun so abu, sai mu ce musu sun yi kuskure? Bari lokacin bukukuwa ya wuce tukuna."

Nasiru, da aka share gangunansa kaf, ɗaga kafaɗa ya yi ya ce shi dai fasinjoji sun fara ɗaukar hoto da shi.

Bukin farko da ya zo babba ne. Wata Hajiya Hajara ta Malali, 'yar kasuwar atamfa, za ta aurar da 'yarta, kuma amaryar ta ce Tsatsa take so. Hajiya ba ta sayen abu ba ta taɓa ba, don haka ta ce su zo gidanta su gwada tukuna. Ila ya ji wani ɗan fata ya motsa masa. Yau dai za a ji shi. Ya ɗora amfilifayarsa a keken Nasiru, ya jona ta da kansa a farfajiyar gidan, ya goge hannu a wando. Salim ya ɗauki baitin farko, Nasiru ya shigo, Ila ya runtse ido ya daki gitar. Ƙarar ta tashi ta daki katanga ta dawo, gilasan tagogi suka amsa. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

"Kai! Kai! Ku tsaya!"

Ya buɗe ido ya ga Hajiya a tsaye, hannu biyu a kunne, mayafi ya zame.

"Wannan wane irin tashin hankali ne? Ni za ku kawo wa injin markaɗe?" Ta nuna Ila da baki tana duban Salim. "Wannan ba shi ne na cikin faifan ba. Na san muryar abin da na saya. Ku kawo mini na ainihin, in kuwa ya fi ƙarfinku ku faɗa mini."

Salim ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

"Gaskiyarki, Hajiya," in ji Ila. "Ba ni ba ne." Ya cire wayar ya naɗe ta a hannu.

Washegari Salim ya zo shago da dabara. Wai Baba Sanda zai zauna daga gefe bayan labule ya kaɗa fiyano, shi kuma Ila ya tsaya a gaba da gita ba a jona ba, yana motsa yatsu. Ila ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce ya fita masa daga shago. Salim bai ɓata lokaci ba, ya nemo wani ɗan ƙanwar babarsa mai faɗin kafaɗa, wanda ko riƙe gita bai iya ba, aka koya masa a yini guda.

Ila ya ɗauka ya rabu da maganar ke nan. Sai ga Baba Sanda da kansa, ya tako har shagon da sandarsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ilu, an ce kunya ta hana ka tsayawa gaban jama'a. Ba komai, ni ma haka nake da ƙuruciya. Amma kayan sautin nan ba wanda zan yarda ya riƙe mini sai kai. Kada a ji ko tari ranar nan. Sunana ne a ciki, sunanka ne."

Me zai ce? Ya ce to.

Ranar yinin biki, bayan la'asar, an kafa rumfuna a wani fili, mata sun cika kujeru da gwaggwaro da turare. Ila yana can baya kusa da janareta, tsugune gaban na'urorin, wayoyi sun kewaye shi. Kabiru na gidan rediyo ne mai gabatarwa. Ya kira Salim aka yi guɗa, ya kira Nasiru aka yi tafi, sannan ya ja numfashi ya ce, "Ga kuma wanda kuke jira, Ila mai yatsun zinare!" Yaron nan mai kafaɗa ya ɗaga gita sama yana murmushi, 'yan mata suka miƙe da wayoyi. Daga bayan labule tilin-tilin ya fara zuba, Salim yana rera waƙar kwata, amarya da ƙawayenta suna taka rawa a hankali ana yi musu liƙi.

Ana tsakiyar haka wani ya taka waya, bakinta ya ɗan zame daga ramin amfilifaya. Manyan sifikun suka saki wani gurnani mai kauri, ya ratsa fiyanon, ya bi ta ƙarƙashin kujeru, ya daki Ila a ƙirji. Ba ƙararsa ba ce, ko kusa, amma danginta ce. Hannunsa yana kan wayar, ya san abin da zai yi, bai yi ba. Ya bar ta tana yi. Mata suka fara waige-waige, masu rawa suka rikice, Salim ya rasa baitinsa. Ila ya ji wani abu yana buɗewa a cikinsa, har ya fara tunanin ya murɗa maɓallin ya ƙure shi, kowa ya ji, a yi ta ta ƙare.

Sai labulen ya motsa. Baba Sanda ya leƙo, gumi na bin goshinsa, idonsa na neman yaronsa a cikin taron. Babu faɗa a fuskar, tsoro ne kawai, irin na tsohon da ke gab da jin kunya a bainar jama'a. Leɓensa ya motsa: Ilu.

Ila ya tura wayar ta koma mazauninta. Ƙarar ta ɗauke ɗif, tilin-tilin ya dawo tas, aka yi tafi.

Da aka tashi yana naɗe wayoyi, Hajiya Hajara ta biyo ta wurin tana sallamar ma'aikata. Ta dube shi ba ta gane shi ba. Ta ce, "Sannu mai gyara, ka yi ƙoƙari, ka kashe mana ƙarar nan da wuri." Ta sa aka miƙo masa robar shinkafa.